Amsa kan kwabo mai hoton jirgin ruwa

Malam, kwabon da ka ce ka tsinta a akwatin marigayi kakanka a Daura, mai jirgin ruwa a baya da kan sarki a gaba, ga dukkan alamu ɗarin Ingila ne, wato rabin kwabo. Namu na zamanin Turawa mai huji ne a tsakiya, ba jirgi a jikinsa. Jirgin sunansa Golden Hind, wanda matuƙin jirgin Ingila Francis Drake ya zagaya duniya da shi daga 1577 zuwa 1580. Tun 1937 aka fara buga shi a ɗarin, lokacin Sarki George na shida. Duba shekarar a ƙasan jirgin.

Batun goge shi da toka da lemun tsami kuwa, don Allah kar ka soma. Wannan duhun da tagullar ta yi shi masu tara tsoffin kuɗi ke nema, da zarar ka kankare shi darajarsa ta zube. Riƙe shi ta gefe, ka naɗe a takarda. Leda tana tara gumi da damina, sai ka ga koren tsatsa ya fito a kan filafilan jirgin.

Kuɗi dai ba zai yi da yawa ba, an buga su birjik. Ni da nawa ne ba zan sayar ba. In kana son ƙari, tambayi masu zuwa Kuwait, tsabar kuɗinsu ma jirgin ruwa ne a jiki.