Yara suna cinye wasan lissafi a tablet amma sun faɗi a takarda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da ajin CE1, wato aji uku, a wata makarantar firamare a Garwa ta ƙasar Kamaru, yara 72 gare ni. Ƙungiyar iyaye ta yi karo-karo ta saya mana tablet shida, mai sayarwar ya cika su da wasannin lissafi, ya ce su kaɗai sun wadatar. Wata uku ke nan yara na cinye wasan, amma a jarrabawar zango fiye da rabi sun kasa ɗebe 17 daga 43. Iyaye sun fara cewa na mai da aji dandali. Hankalina a tashe yake. In ajiye na'urorin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, kada ki ajiye su. Abin ajiyewa shi ne maganar mai sayarwa, don ita ce ta jawo miki wannan.

Kullum sai an zo mana da wannan kuskure, wai yaron da ya ci wasa ya iya darasi. Tsaya a bayan yaro ɗaya gobe ki kalli yatsansa. Manhaja ta nuna 43 a ɗebe 17, ta jera amsa huɗu. Ya danna ta farko, ta yi ja. Ya danna ta biyu, ta yi ja. A ta uku tauraro ya fito, aka yi masa tafi. Bai ƙirga komai ba, bai aro goma ba, bai ma karanta tambayar ba. Canki-canka ya koya, da saurin yatsa. Bayan mako guda ya haddace inda 26 ke zama, sai maki ya hau, kowa ya yi murna. Ranar jarrabawa kuma takarda ba ta yin ja balle ta ba shi dama ta biyu.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu yawo makaranta-makaranta suna yi wa iyaye alkawarin yaro zai iya karatu cikin wata uku in an sayi na'urarsu. Uban da ya tsakuri kuɗin cefane ya ba da, da wannan alkawari aka karɓe. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare kwamfutoci dubban ɗaruruwa, kuma binciken da aka fitar a 2012 kan makarantu 319, bayan wata 15 ana amfani da su, bai ga wani ƙari a makin lissafi ko na harshe ba. Gwamnati ce fa, da kuɗinta. To ina ga tablet shida da aka bar wa yara su yi ta dannawa? Ɗaya ɓangaren ma ba shi da daɗi: makarantun da ake kulle na'urori a kabad ɗin darakta, ba a fito da su sai ranar da sufeto zai zo, har batir ya mutu a ciki.

Gyaran yana hannun yaranki, wato allo da alli. Kin san dabarar La Martinière, a rubuta amsa a allo a ɗaga lokaci ɗaya. Ita za ki ɗaura wa wasan. Raba ajin gida uku, yara 24 kowanne, huɗu a kan tablet ɗaya, gida ɗaya a rana. Cikin huɗun nan ɗaya ya karanta tambaya da ƙarfi, ɗaya ya yi aikin a allo, na uku ya duba, na huɗu ne kawai zai taɓa na'ura, shi ma sai an yarda da abin da ke allon. Su sauya matsayi bayan kowace tambaya, in ba haka ba mai ƙarfin cikinsu zai riƙe tablet har a tashi, 'yan mata su koma 'yan kallo. Sauran yara 48 suna yin irin tambayoyin nan a allonsu tare da ke. Minti goma ya isa, kuma bayan kin koyar a babban allo, ba kafin nan ba. Daga ƙarshe a kife na'urori, ki ba da tambaya uku sababbi, kowa ya ɗaga allo. Wannan makin shi za ki rubuta.

Wajen manhaja, nemi GCompris. Kyauta ce, akwai ta da Faransanci, ba ta buƙatar intanet, kuma za ki iya saita matakin wahala. Fifita ayyukan da yaro zai rubuta lambar da kansa. Ki kashe data, ki kunna saitin Android da ke kafe manhaja ɗaya a fuska don kada su zarce zuwa bidiyo.

Kyamara da rikoda ma sun fi wasanni da yawa amfani. Ɗauko hoton tumatir, sabulu da ashana a kasuwa, ki kafa shago a aji. Yaronmu a gida da dala yake ƙirga, a littafi kuma faran yake gani, dala ɗaya kuwa faran biyar ce. Ki ce sabulu dala arba'in, su rubuta 200, mai saye ya ba da 500, mai shago ya lissafa canji. Jadawalin biyar da ɗebewa sun shiga ke nan. A darasin karatu kuma yaro ya naɗi muryarsa yana karanta layi biyar, ya saurara, ya sake. Hoton fuskar yara dai kada ya hau WhatsApp sai da yardar iyayensu.

Ki kula da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40. Kada a yi caji a rana ko a cikin jaka, kuma duk tablet ɗin da bayansa ya kumbura a daina amfani da shi nan take. Iyaye kuwa, gayyato wakilansu biyu su zauna a darasi ɗaya su ga allunan da idonsu.