Kafin ka sayi sabar uku, a dawo da ajiyar jiya a gabanka

Tambaya: Ina sarin kayan masarufi, shago biyu a Kano, ɗaya a Zariya. Lissafin kaya da bashin kwastomomi duk suna cikin rumbun bayanai na PostgreSQL a sabar ɗaya, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ɗan ƙanina ne ke kula da ita. Watan jiya ta tsaya wuni guda. Yanzu ya ce in sayi uku, kowane shago da tasa, kowacce tana rubutawa tana aika wa sauran. Wai haka manyan kamfanoni suke yi, kuma mun huta da ɗaukar ajiya, wato kwafin bayanan da ake adanawa a gefe. In biya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Maganar nan ta "mun huta da ɗaukar ajiya" ita ce ta tayar mini da hankali, domin ta nuna ka miƙa dukiyarka ga wanda ba ka taɓa gwada aikinsa ba, don kawai ɗanka ne.

Sabar da ke kwafar wata kai tsaye madubi ce. Idan babbar ta ƙone, za ta cece ka. Amma idan yaron shago ya goge littafin bashi bisa kuskure, cikin daƙiƙa gogewar ta isa sauran, ka tashi da na'ura uku babu komai a ciki. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab yana gyaran kwafin da ya tsaya, sai ya goge bayanan babbar sabar yana zaton ta biyu ce, kusan gigabait 300. Da suka koma kan ajiya, suka tarar wadda suke dogaro da ita ta daɗe ba ta aiki. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ya fitar da su, aikin awa shidan kuwa ya tafi.

Na taɓa zama da wani mai sarin magani wanda surukinsa kaɗai ya san lambar sirri. Ranar da faifan da ke riƙe bayanan kwamfutarsa ya mutu, muka buɗe ajiyar, fanko ce tun watanni. Da idona na ga dattijo yana bin kwastomomi a waya yana tambayar su nawa yake bin su.

Batun kowace sabar ta riƙa rubutawa kuwa, manta da shi. Ranar da intanet ya yanke tsakanin Kano da Zariya, shago biyu za su sayar da buhun shinkafa ɗaya, wa zai raba gardama? A Oktoban 2018, yankewar sadarwa ta daƙiƙa 43 ta jefa kamfanin manhaja na GitHub cikin matsalar sama da awa 24. Kai shinkafa da sukari kake sayarwa, bar gasa da su.

Babba ɗaya ta ishe ka, da mai jiran gado ɗaya a wani gini mai wutarsa daban, tana kwafa a bayanta. In babbar ta faɗi, abin da za ka rasa cinikin 'yan daƙiƙoƙi ne, rasit zai cike shi. Tsarin da babbar ke jiran ta biyu ta amsa kafin ciniki ya shiga yana rage gudu, kuma in ta biyun ta mutu, ciniki ya tsaya cak. Lissafa abin da wunin nan da sabar ta tsaya ya ci maka, kada kuɗin gyaran na shekara ya zarce shi da nisa.

Ran Lahadi ka kira yaron, cikin mutunci. Ba shi kwamfuta fanko, ya dawo da ajiyar jiya kana zaune, ka duba agogo. Zaɓi kwastoma uku ka gwada bashinsu da takardunka. Sannan ya rubuta lambobin sirri da matakan tayar da sabar ta biyu, a sa a ambulan, ya zauna a hannunka, wani ma'aikacin kuma ya koya.