Tambaya da Amsa: Harsashi mai tsini a bindigar liba

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka, ina farautar barewa da Marlin 336, bindigar liba (wadda ake ɗanawa da jan wani ƙarfe da ke ƙasanta) mai cin harsashin .30-30. Na fara cika kwansayena da kaina, wato sake haɗa harsashi a cikin kwanson da aka riga aka harba. Wani ya ba ni kawunan harsashi masu tsini, ya ce sun fi tafiya nesa. In yi amfani da su?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sa su cikin bututun ajiye harsasai na bindigarka. Dubi yadda harsasai ke kwanciya a bututun da ke ƙarƙashin hancinta: sun jeru ɗaya bayan ɗaya, kan na baya yana taɓa gindin na gaba, sifirin na tura su. A tsakiyar gindin nan kuwa firaima take, ɗan maɓallin da allurar bindiga ke duka ya tayar da albarushi. Kan harsashi mai tsini zai zauna daidai a kanta. Da ka danna kunama, bindiga ta yi shuri baya, tsinin na iya yin aikin allurar, harsashi ya tashi cikin bututu, wani lokaci ya tayar da na kusa da shi. Hannunka na hagu yana riƙe da wurin.

Shi ya sa tun fitowar .30-30 a 1895 ake yi masa kai mai faɗi ko mai zagaye. Kamfanin Hornady ya fito da kan harsashi na FTX mai tsinin roba mai laushi don irin wannan bututu, amma tsinin roba mai tauri na wasu kamfanoni ba ɗaya ba ne da shi. Mai son tsini sosai ya nemi bindigar Browning BLR ko Savage 99, waɗanda ba sa jera harsasai kai da gindi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne matse bakin kwanso, don masu fara cikawa sun fi sakaci da shi. Kowane harbi yana bubbuga harsasan da ke bututun. In bakin bai kama tsagin da ke jikin kan harsashin ba, kan zai nutse ciki, wurin albarushi ya ragu, ƙarfin fashewa ya haura. Ka yanke kwansaye su zama tsawo ɗaya, matsin zai yi daidai. Tsawon harsashin gaba ɗaya kada ya wuce inci 2.550.

Sai firaima: ka shafa gindin kowane kwanso da yatsa, ta ɗan nutse ƙasa da shi. Wadda ta ɗago, ware ta.

Awon albarushi kuma daga littafin kamfanin da ya yi albarushin ko kan harsashin za ka ɗauka, ka fara da mafi ƙaranci, ka hau sannu a hankali kana duba kwansayen da ka harba.