Amsa kan yadda ake tafiyar da jihohi a ƙasar Saudiyya

Malam, ka tambaya ko jihohin Saudiyya suna da gwamnoni kamar namu na Nijar, ko kuwa sarki ne yake riƙe da komai daga Riyad. Ƙasar ta kasu zuwa yankuna 13, kuma dokar da Sarki Fahad ya fitar a shekarar 1992 ita ce ta tsara mulkinsu. Kowane yanki yana ƙarƙashin amir wanda sarki yake naɗawa da matsayin minista, galibi ɗan gidan sarauta ne, amma a harkar aiki yana amsa wa ministan cikin gida.

A ƙarƙashin yanki akwai gundumomi, sannan cibiyoyi ƙanana. Alhazanmu da suke sauka Jidda ba kasafai suke lura cewa birnin, duk girmansa, gunduma ce a cikin yankin Makka ba, haka ma Ɗa'ifa.

Kowane amir yana da majalisar yanki wadda ta ƙunshi shugabannin ma'aikatu da wasu mutanen gari da aka naɗa, aikinta ba da shawara kan ayyukan raya ƙasa, ba kafa doka ba. Zaɓe kuwa a majalisun birane kawai aka yi shi, kamar a 2005, mata kuma suka fara shiga a 2015.

A ganina bambancin da ya fi muhimmanci shi ne, a nan Maraɗi gwamna daban, Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tsibiri daban, alhali a can sarauta da hukuma hannu ɗaya ne yake riƙe da su.