Amsa: Hasumiya ta ƙi amsa kira da yamma a Lawanti

Ɗan'uwa, ka ce kana koyon tuƙin jirgi, ka kira hasumiyar filin jirgin Gombe da ke Lawanti da yamma shiru, kana tambaya ko sun tashi aiki ne ko mitar rediyon ce ka kuskure.

Abin da na fi zargi shi ne agogo. Duk lokutan da ke cikin AIP (littafin bayanan jiragen sama na hukuma) da NOTAM (sanarwar canje-canje ga matuƙa jirgi) da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ake rubuta su, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa 1, wato in ka ga 1800 to ƙarfe 7 na dare ne a Gombe, wannan awa ɗayan ta rikita mutane da yawa wallahi. Kuma ba kowace hasumiya ke aiki awa 24 ba, NOTAM na iya canza lokacin aikinta yau da gobe, shi ya sa ake dubawa kafin a tashi.

Mita kuma don Allah kar ka kwafa daga tsohuwar taswira ko wata manhaja, ka ɗauko ta daga AIP na NAMA, hukumar da ke kula da sararin samaniyar Najeriya. In ka kira shiru, koma wa jami'in kula da zirga-zirgar jirage da ya miƙa ka ga hasumiyar, ko ka nemi cibiyar kula da zirga-zirgar jirage ta Kano. Mitar 121.5 ta gaggawa ce, in abu ya ɓaci kar ka ji kunyar kiranta.