Dalilin da ya sa muke daɓe yumɓu a kan rumbun sharar nukiliya

Ka tambaye ni, yaro, me ya sa muke cin makonni muna daɓe yumɓu da shimfiɗa tsakuwa a saman rumbu, alhali kankaren ƙasa ya yi kaurin da ruwa ba zai ratsa ba. To, kaurin nan da kake yabo shi ne abin da yake ba ni tsoro idan rufin sama ya fara yoyo.

Yawancin sharar nukiliya ba ta barin inda aka ajiye ta da kanta. Ruwa ne yake ɗaukar ta: ya shiga, tsatsa ta cinye gangunan, ya wanko gubar, ya gangara da ita cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. In ƙasan ta toshe tsaf sama kuma tana zuba, ramin ya zama baho ke nan, shara ta jiƙa a ciki har ya cika ya tumbatsa. Haka aka yi a Maxey Flats, jihar Kentucky ta Amurka, inda aka binne shara daga 1963 zuwa 1977. Ruwan sama ya taru a ramukan, aka shafe shekaru ana zuƙe shi.

Shi ya sa muke ba rufin gangare, tsakuwa ta kwashe ruwan zuwa magudana kafin ya iske yumɓun. Yumɓun kuwa siriri-siriri ake shimfiɗa shi, da danshi daidai, a daɓe kowane kafin a ɗora na gaba. In ya bushe ya tsage, aikin banza aka yi, ko da ido bai gani ba. A Faransa, a cibiyar ajiyar sharar nukiliya ta Aube, har rufi mai gusawa suke ja kan rumbun da ake cikawa don kada ruwan sama ya taɓa shi.

Zurfi ma bai isa shi kaɗai ba. Ma'adanar gishiri ta Asse a Jamus ta karɓi ganguna kusan 126,000 daga 1967 zuwa 1978. Tun 1988 ruwa yake kutsawa ciki, yanzu doka ta ce a fito da sharar. A Onkalo ta Finland kuwa, rumbun da aka haƙa fiye da mita 400 cikin dutse, tulun jan ƙarfe suka tanada don zuba sharar, kewaye da yumɓun bentonait mai kumbura ya toshe kafa in ya jiƙa.

Gobe ka auna danshin kowace shimfiɗa kafin injin daɓe ya hau. Wadda ka ga ta tsage, ka kira ni, a tone ta.