Jar fitilar mai tana kamawa, rediyo yana ɗaukewa: laifin waya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da tsohuwar Toyota Hiace mai amfani da fetur, da ita nake ɗauko kayan gwari daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege. Kwanan nan idan injin ya yi zafi na shiga cunkoso, sai jar fitilar baƙin mai ta riƙa ƙyaftawa, idan na taka totur kuma ta mutu. Rediyon ma yana ɗaukewa a cikin cunkoson, kuma yana wani irin kuka da ke ƙaruwa idan na ba ta wuta. Na duba geji, wato sandar duba mai, mai a cike yake. Mai gyaran wayar motar da nake zuwa wurinsa ya ce duk matsalar waya ce, zai cire wayar fitilar in huta. Hankalina bai kwanta ba, domin da motar nan nake ciyar da iyalina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, kuma shawarata ta farko ita ce kada ka sake yi wa motar nan lodi har sai an auna ƙarfin bugun man da ke cikin injin, kuma kada ka yarda kowa ya taɓa wayar fitilar da nufin kashe ta.

Maganar nan ta "geji a cike yake, saboda haka fitila ƙarya take yi" ita ce ta fi kowace magana kashe injina a garejin Legas, kuma kusan kullum sai na ji ta daga bakin direba ko bakin wanda yake kiran kansa makanike. A irin motarka, wannan fitila ba ta san yawan man da ke cikin tukunyar injin ba. Abin da take aunawa shi ne ƙarfin da famfo yake tura man da shi zuwa karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kansu da kan injin. Tankin ruwa yana iya cika fal a saman gida, amma a buɗe famfo a ga ruwa yana ɗiga saboda bututu ya toshe. Haka mai yake iya kaiwa layin sama na geji alhali metal suna gugar ƙarfe a bushe. Suwic ɗin da ke kunna fitilar ba ya motsawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa ƙwarai, wajen bar 0.3 a ma'aunin ƙarfin bugu, wato a lokacin da ka ga ja, abin ya riga ya kai inda babu sauran rara. Wanda ya cire wayar, ko ya zare ƙwan fitilar daga dashbod, ko ya liƙe ta da baƙin salatif, bai ƙara wa famfo ƙarfi ko kaɗan ba. Ya dai tabbatar da cewa ranar da injin zai buga, a kan gadar Third Mainland ko a tsakiyar Ikorodu Road da lodin tumatir a baya, ba za ka sami gargaɗin komai ba sai ƙarar ƙwanƙwasa, kuma a lokacin magana ta koma ta gurza karanshaf ko neman wani injin a kasuwar kayan mota ta Ladipo.

Akwai ƙanwar wannan ɓarna, wadda ita ma ta zama ruwan dare: a zuba wa injin man giya, ko a juye masa gwangwanin maganin kaurara mai, fitila ta mutu, direba ya biya kuɗi yana godiya. Mai mai kauri yana ɗaga lambar da suwic yake ji na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye, kuma da safe idan injin yana da sanyi yakan daɗe kafin ya isa saman injin. Ban ga dalilin da mutum zai karɓi kuɗin talaka a kan wannan ba, alhali gejin awon ƙarfin mai ba wani abu ne mai tsada ba, kuma duk garejin da ya amsa sunansa ya kamata a same shi a ciki.

Bayanin da ka yi ma da kansa yana nuna inda matsalar ta fi karkata. Wayar da ta goge tana taɓa jikin mota takan kunna fitila ne idan an faɗa rami ko an bi gargada, ba ruwanta da zafin injin. Taka kuwa tana jiran injin ya yi zafi, mai ya tsinke, juyin injin ya sauka, sannan ta kama, kuma tana mutuwa da zarar famfo ya ƙara gudu. Wannan halin ƙarancin ƙarfin mai ne, ko kuma suwic da ya gaji.

Gwajin waya ba ya ɗaukar minti biyar. A buɗe makulli ba tare da tayar da injin ba, fitilar za ta kama. A zare wayar daga kan suwic ɗin a riƙe ta ba ta taɓa komai ba. Idan fitilar ta mutu, waya lafiyarta ƙalau. Idan ta ci gaba da haske, to wayar tana taɓa ƙarfe a wani wuri. A duba kan suwic ɗin kuma, idan mai yana tsattsafowa ta wurin da waya ke shiga, ya mutu. Bayan haka a kwance suwic a ɗaura gejin awo a raminsa, a bar injin ya yi zafi sosai kafin a karanta, domin awon injin mai sanyi yaudara ce. A injinan fetur na Toyota na wancan zamani, ana son a ga aƙalla bar 0.3 a sulo, wato idan injin yana aiki ba a taka totur ba, da kuma tsakanin 2.5 zuwa 5 a juyi 3,000 a minti ɗaya. Idan awon ya yi kyau, ka sayi suwic mai kyau, shi ke nan. Idan bai yi ba, a fara da mai sauƙi: a juye man a shinshina ko fetur ya gauraya da shi, a canza filta, a zuba mai mai lamba 20W-50 daga wurin da ka amince da shi, domin jabun mai ya yi yawa a gefen titi. Sannan a sauke tukunyar ƙasa a duba rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Sau da yawa za ka same ta a toshe da baƙin dagwalo da guntayen gam ɗin da wani ya lafta wa tukunyar a maimakon gasket, suna maƙale a ragar kamar zare. Sai an wuce nan ne ake maganar famfo da metal.

Rediyo kuwa maganarsa daban ce, kuma ta fi sauƙi. Kukan da ke bin totur yawanci daga altaneta yake, wato na'urar da ke cajin batir, idan diyod ɗinsa ya lalace, ko daga wayar at, wato mai haɗa batir da jikin mota, idan ta yi tsatsa, abin da damshin Legas da ruwan da motoci ke kutsawa da damina suke haddasawa. A sa mita a kan batir: wajen bolt 12.6 idan injin a kashe yake, 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. A kankare inda wayar at ta kama jikin mota da jikin injin, a duba fiyus ɗin rediyo ko an maye gurbinsa da zaren waya, a kuma duba bayan rediyon ko wanda ya ɗaura shi ya saci wuta daga wayoyin dashbod. Kada ka bari a cire kan batir injin yana aiki wai don a gwada caji, domin hakan yana iya ƙona rediyon da altanetan gaba ɗaya.

Wuri ɗaya ne matsalolin biyu za su iya haɗuwa, shi ne sulo. Idan juyin injin a tsaye ya sauka ƙasa da wajen 750 zuwa 850 a minti ɗaya da ya kamata ya kasance, famfon mai da altaneta duka biyun sukan yi rauni a lokaci guda, fitila ta ƙyafta, rediyo ya ɗauke. A duba wannan a daidaita shi, amma da gejin awo a ɗaure a jikin injin, domin akwai masu ɗaga sulo ya wuce ƙa'ida don kawai fitilar ta mutu a gabanka. Idan ta kama a hanyarka ta zuwa gareji kuma ta ƙi mutuwa bayan ka taka totur, ka gangara gefe ka kashe injin nan take, a jawo motar.